Yadda Ake Riƙon Jariri da Yayansa a Gidan Haya a Legas

A gida Arewa, idan mace ta yi haihuwa ta biyu, ba a cika tambayar wa zai kula da na farko ba. Tsakar gida ce ke ɗauke shi. Kaka na nan, goggo na nan, matar ƙanin miji na nan, ga yara birjik, sai ya wuni bai nemi uwarsa ba. A Legas kuwa, ko Agege ce ko Idi-Araba ko Mile 12, yawancinmu ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo, banɗaki na haɗaka, girki a bakin ƙofa, maigida ya fita tun asuba ba zai dawo ba sai cunkoson titi ya sake shi. Daga mai jego sai jinjiri sai ɗan shekara biyu ko uku da bai gane abin da ya same shi ba.

Kowa na shirin jariri: kayan sawa, baho, ragon suna. Shirin yayansa ne ba a yi, alhali aikin da dangi ke yi masa a gida, a nan sai an zauna an raba shi, an ce wane kai ne da kaza, wance ke ce da kaza. Zan ce "shi" don sauƙin magana, amma mace da namiji duk ɗaya ne.

Tun ciki na wata shida

Duk wani sauyi da kika san dole ya sami babban, yi shi yanzu. Yaye ne, sauka daga gadonki ne, zaman fo ne, shiga makaranta ne, kowanne a gama shi aƙalla wata biyu kafin watan haihuwa, ko a ɗage shi sai jariri ya yi wata uku ko huɗu. Yaron da aka raba da nono ranar Litinin, aka sauke shi kan tabarma ranar Talata, ranar Laraba ya ga wani kwance a wurinsa yana shan nonon, ba sai an gaya masa wanda ya jawo masa ba.

Idan cikin ya same ki kina shayarwa, za ki ji ana cewa nonon ciki guba ne, a cire yaro yau-yau. Ba haka ba ne. Ga mai lafiyayyen ciki, shayarwa ba ta cutar da na goye ko na ciki. Abin da ke ramar da yara shi ne a cire su farat ɗaya ba su saba da abinci ba. Rage a hankali: fara da na rana, ki maye gurbinsa da kunun gyaɗa, faten wake, ƙwai, ayaba, na dare shi ne ƙarshe. Amma in kin taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini, ko kina ganin jini, ki gaya wa malamar awo, ita za ta ce ki tsaya ko ki ci gaba.

Wurin kwana kuwa, 'yar katifa ta ishe shi, da gidan sauronsa na kansa. Bar shi ya zaɓi zanin da za a shimfiɗa masa. Kuma tun yanzu babansa ya karɓi aikin kwantar da shi, domin ranar da hannunki zai cika ya zamana ba baƙon abu ba ne.

Sai gaya masa. Ɗan shekara biyu bai san wata uku ba, bai san mako ba, don haka ki bari sai ciki ya fito sosai, ki ɗaura maganar da abin da ya sani: "bayan Sallah", ko "idan aka fara ruwa". Kada ki yi masa alkawarin abokin wasa. Zai zo ya tarar da wani ɗan abu da ba ya komai sai barci da kuka da kashi, ya ga an yaudare shi. Gara ki kai shi barkar wata maƙwabciya ya ga jariri da idonsa, ki ce masa naku ma haka zai zo, ba ya magana, ba ya tafiya, nono kawai yake sha.

Ki duba katin rigakafinsa ma. In akwai allurar da ta wuce shi, musamman ta ƙyanda da ake yi a wata 9 a maimaita a wata 15, a kai shi ya cike. Shi ne mai zuwa makaranta da Islamiyya, shi ne zai riƙa kwaso abin da ke yawo a unguwa ya kawo ɗaki.

Wa zai riƙe shi ranar naƙuda

Wannan magana a yanke ta kafin wata tara, da sunan mutum, ba "Allah zai kawo wani" ba. Mutum biyu ake so, don ɗaya na iya yin tafiya. Naƙuda ba ta san ƙarfe biyun dare ba, ba ta san ruwa ya cika titi ba. In mahaifiyarki ko ƙanwarki za ta zo daga gida, ta zo da wuri, mako biyu ko uku kafin lokaci, yaron ya saba da hannunta tun kina nan. In babu mai zuwa, sai maƙwabciya. Kada ki ce sai Bahaushiya. Matar da ke ɗakin da ke kallon naki, Bayarabiya ce ko 'yar Ibo, wadda ta san kukansa ta san abin da yake ci, ta fi 'yar garinku da ke Alaba wadda sai an hau mota uku a kai mata shi. Ya kwana a ɗakinta sau ɗaya ko biyu tun kafin ranar. Ki haɗa masa tasa jakar kusa da taki ta asibiti: kaya kala uku, kofinsa, abin da yake rungumewa in zai yi barci.

Asibitin haihuwa a zaɓi na kusa. Manyan asibitocin koyarwa, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, suna nan in abu ya yi tsanani, amma ga haihuwa lafiya wanda za ki isa cikin minti ashirin ya fi. Maigida ya ajiye lambar mai keke napep ko mai mota da zai amsa waya da dare, da lambobin gaggawa na jiha, 112 da 767.

Akwai masu tura babban Arewa wurin kakarsa har a yi arba'in. Ban hana ba, wani lokaci babu yadda za a yi. Amma tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma yaron da aka ɗauke daga uwarsa ya dawo ya tarar da wani a bayanta, sai ya fi wanda ya zauna wahalar sha'ani. In dole ne, ya kasance ya san kakar, kuma ya tafi tun kafin haihuwa da 'yan makonni.

Haɗuwar farko

Ranar da aka sallamo ki, ki ba wani ya shigo da jaririn, ke ki shigo hannu sake. Yaron ya kwana ɗaya ko biyu bai gan ki ba, ke yake nema. Ki zauna ki rungume shi, ki tambaye shi me ya ci, ina ya kwana. Sai bayan nan a ce, "Yaya, zo ka ga ƙaninka." A ajiye masa wata 'yar tsaraba, mota ko 'yar tsana ko fensir mai kala, a ce ta zuwan jariri ce. Ko uwargida in za a yi mata amarya ai sai an yi mata kayan faɗar kishiya, balle yaron da ba wanda ya yi shawara da shi.

Zai so ya ɗauka. Bar shi, amma a tsare. A wanke masa hannu da sabulu, ya zauna a ƙasa kan katifa ya jingina da bango, a ɗora matashi a cinyarsa, a kwantar da jaririn, hannunki na ƙarƙashin kai ba ki cire ba. Minti ɗaya zai ce ya gaji. Nuna masa inda ake taɓawa, tafin ƙafa da hannu, da inda ba a taɓawa, ido da baki da maɗiga da cibiya. In kika hana shi taɓawa gaba ɗaya, zai jira ki juya baya ne ya gwada.

Barka da suna

Makon nan shi ne mafi zafi a wurinsa. Mata na shigowa suna wuce shi kamar ba su gan shi ba, kowa hannu na kan jariri. Sannan ga tsokana: "An sauke ka daga baya", "Mama ta yi sabon ɗa, kai an yar da kai". Manya wasa suke, musamman kakanni da ke da wasa da jika, amma ɗan shekara uku gaskiya yake ɗauka. Ba sai kin yi faɗa ba. Ki ce cikin dariya, "Hajiya, a bar min yaya na, shi ne babban gida," ki jawo shi jikinki. Sau biyu za ki faɗa a gane.

Nan ne maganar kunyar ɗan fari ke shigowa. Al'adarmu ce uwa ta kawar da kai daga ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane. A gidan da kaka ke goya shi, goggo ke ba shi a baki, wannan alkunya ba ta rage shi da komai. A ɗakin haya a Legas, in ke kin kawar da kai, babu wanda zai juyo. Ki riƙe kunyarki gaban surukai in kina so, ki ci gaba da sakaya sunansa, amma in baƙi sun watse ki ɗora shi a cinya.

Ranar suna a ɗinka masa nasa sabon kaya. Babansa ya tafi da shi wurin raɗin suna, ya zaunar da shi kusa da shi, a ba shi ɗan faranti ya riƙa miƙa dabino ko alawa. A kuma sanya mutum ɗaya takamaimai da zai sa masa ido har dare, don ranar taro ce yara ke sulalewa titi ko su faɗa wurin tukwane.

In wanzami ya zo aski, a tsaya a aski da sabuwar reza. Cire belu ba ya maganin komai, zubar jini da shigar ƙwayar cuta kawai yake jawowa.

Ɗakin da ya zama tarko

Tsawon jego, ɗakinki cike yake da abubuwan da ba a saba ajiyewa ba, kuma idonki ya rabu biyu. Babban haɗari ruwan wanka ne. Tukunyar tafasasshen ruwa a kan gas a bakin ƙofa, bokiti a hanyar banɗaki ana jiran layi, ga yaro na gudu a lungu. Dokar ita ce: ba a ɗaukar ruwan zafi daga wuta sai an san a hannun wa yake. In za a sirka, a fara zuba na sanyi a bokiti sannan na zafi. Da an gama wanka a zubar da ruwan baho nan take a kife shi, robar da 'yan garuwa ke cikawa kuma a rufe ta da murfi mai nauyi. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya kashe ɗan shekara biyu in ya kifa ciki, kuma ba za ki ji ƙara ba.

Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki a asibiti suna kama da alawa, kuma guba ne ga yaro in ya haɗiye da yawa. Su da sauran magunguna a sama, cikin abin da ke rufuwa. Kananzir kada a zuba shi a gorar lemo. Kafur kuma a fitar da shi daga ɗakin baki ɗaya: babban na iya jefawa a baki, kuma sa shi cikin kayan jariri na haddasa ciwon shawara mai tsanani ga jariran da jininsu ba ya jure shi, waɗanda suna da yawa a ƙasar nan.

Ke ma, ruwan ya zama mai ɗumi sosai ba mai saɓule fata ba, kanwar kunu kuma kaɗan. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kanwa da zafin da ya wuce kima.

Sai doka mafi girma: ba a barin su biyu su kaɗai, ko na shiga banɗaki ne. Ba don mugunta ba. Jariri ya yi kuka, yaya ya tausaya ya tura masa gyaɗa a baki, ko ya lulluɓe masa fuska da zani don kada ya ji sanyi, ko ya ɗauko shi ya kawo miki. In za ki fita tsakar gida, ko ki goya ƙaramin ko ki ja babban.

Yadda rana za ta tafi

Jariri na shan nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, nono zalla har wata 6, ba ruwa ba zuma ba tsimi. Kusan rabin yininki a zaune kike ke nan, kuma daidai lokacin da kika zauna ne babban zai ce ruwa, zai ce kashi, zai hau taga. Riga shi. Kafin ki ɗauki jaririn, ɗora shi a fo, ajiye masa ruwa da ɗan abin taɓawa, ki fito da wata roba ta kayan wasa da ba a buɗe ta sai lokacin shayarwa. Ki zauna a ƙasa ba kan gado ba, ya jingina da ɗaya gefenki. Hannu ɗaya ya isa yin tatsuniya, ko biya masa Fatiha da ƙananan surori.

Ba shi aiki na gaske daidai ƙarfinsa: miƙo famfas, riƙe kwalbar mai, zaɓar hular da za a sa wa ƙani. In ya ce ba zai yi ba, ƙyale shi, ba ɗan aiki aka haifa miki ba. In babban mace ce 'yar shekara shida ko bakwai, a kula kada a mayar da ita uwa ta biyu. Ba ta isa goyo a kan bene ko kusa da wuta ba, kuma jego ba dalilin fashin makaranta ba ne.

Ki lura da bakinki. "Ba zan iya ba saboda jariri" in ya yi yawa, jaririn ne ke zama abokin gaba. Ce "bari in gama, sai mu yi." Wani lokaci kuma ki juya ta, ki ce wa jaririn da ƙarfi yadda babban zai ji, "Yi haƙuri ka jira, ina ba Yaya abinci." Jaririn bai san me kika ce ba, amma wanda aka yi domin shi ya ji. Kuma kowace rana, idan ƙaramin ya yi barci, ki ware ko minti goma na babban shi kaɗai, ba waya, ba wanke-wanke.

Maigida, naka ya zo. Ma'aikatan gwamnatin jihar Legas tun 2014 suna da hutun kwana 10 in matansu sun haihu, matan kuma wata 6, amma mai shago da mai sayar da kayan gwari a Mile 12 da mahauci a Oko-Oba ba mai ba su hutu sai kansu. Ba a ce ka rufe kasuwa ba. Ɗauki abu biyu ka riƙe su kullum: misali wankan babban da kai shi makaranta da safe, da kwantar da shi da dare. In ka shigo, shi za ka fara ɗagawa kafin ka leƙa jariri. Ranar Juma'a ka tafi da shi masallaci. Ruwa da gas da cefane kuma kada ka bari mai jego ta fita nemansu.

In ya koma jariri

Zai koma. Wanda ya daina fitsarin kwance zai dawo da shi, wanda ke magana sarai zai koma gwaranci, zai ce a goya shi, zai ce shi ma nono. Wannan ba iskanci ba ne, ya ga abin da ke jawo hankalinki ne yana gwadawa. Duka da gori tsawaita shi suke yi. Shimfiɗa leda ƙarƙashin zaninsa, ki wanke ba surutu. In ya nemi goyo, goya shi minti biyar in jikinki ya yi ƙwari, in tiyata aka yi miki kuwa ki ɗora shi a cinya a zaune. Yawanci cikin 'yan makonni yake saki. Ki daina yawan ce masa "kai fa babba ne yanzu". Jiya-jiya shi ne jaririn gidan, haihuwar wani ba ta ƙara masa shekara ba.

In ya mintsini jaririn ko ya kai masa duka, riƙe hannunsa nan take, ki dube shi ki ce, "A'a. Ba a dukan ƙani, yana jin zafi." Ki ɗauke jaririn, shi kuma ya zauna gefe ɗan lokaci. Kada ki rama wa jaririn da mari, don abin da zai koya shi ne babba na dukan ƙarami. In ya huce, ki ce masa kin san yana jin haushi Mama na ta riƙe da jariri, in ya ji haka ya zo ya faɗa miki. Ranar da ya shafa shi a hankali kuma, ki yaba a gaban babansa.

Dare

Jariri a rigingine yake kwana, kan katifa mai tauri, ba matashi, cikin gidan sauro. Babban ba ya kwana kusa da shi, don yara birgima suke cikin barci. In ya lallaɓo gadonki da tsakar dare, ke ce a tsakiya. Zafin Legas da gumi ba sa son tulin kaya: riga ɗaya da zani mara nauyi sun isa in an ɗauke wuta, hular ulu da bargo ƙuraje kawai suke kawowa. Janareta, naku ko na maƙwabci, ya yi nesa da taga da ƙofa, hayaƙinsa na kisa cikin barci. Maganin sauro mai hayaƙi ma kada a kunna shi a rufaffen ɗaki da jinjiri.

In babban ya kwaso mura, ba za ki iya raba su a ɗaki ɗaya ba, amma a yawaita wanke hannu, kuma sumba ta koma ƙafa.

Abin da ba ya jiran gari ya waye

Jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi har awo ya kai 38, ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, ko ido da tafin hannu sun yi ɗorawa, ko cibiya ta yi ja tana wari, ko ya yi jijjiga, asibiti kai tsaye, ba kemis ba. Jariri mai ciwon shawara ba a shanya shi a rana a zauna jira. Cibiya kuma man da asibiti ke bayarwa ake shafa mata, ba man goge baki ko toka ba. Ke kuma, jini mai yawa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin ƙafa da haki, zazzaɓi, duk na gaggawa ne. In kuka da ƙunci da jin ba ki son kowa sun wuce mako biyu, ki faɗa wa malamar asibiti da maigida, ciwo ne mai magani. Maƙwabciyar nan da ta riƙe babban ranar naƙuda, a gaya mata tun farko cewa ana iya sake buga mata ƙofa.

Fita ta farko da su biyu

Arba'in na zuwa daf da mako 6, lokacin da za a duba ki a kuma yi wa jariri rigakafi na biyu bayan na ranar haihuwa. Na gaba a mako 10 da 14. Ki tafi da katinsa, in ba a yi masa takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ba ki tambaya a nan cibiyar lafiyar. In da hali, a sa ranar ta dace da lokacin da babban ke makaranta. In dole ki tafi da shi, fita da sassafe kafin layi ya yi tsawo. Jariri a baya da majanyi, fuskarsa a buɗe, babban a hannunki ta ɓangaren da ba titi ba. Wurin shiga motar haya ta danfo ko keke, shi za ki fara turawa ciki, ki kwance goyon ki dawo da jaririn gaba kafin ki zauna. Wurin sauka ke za ki fara, sannan ki sauko da shi, don kada ya diro gaban babur. Ki sa masa ruwa da biskit a jaka, ki kuma gaya masa tun a gida cewa za a yi wa ƙani allura zai yi kuka, amma shi yau ba a yi masa.